Ƙarfe Biyun Malam Jibirin

Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da ɗakin injin ban-ruwa na ƙungiyarmu a fadamar Morai, kuma ba a taɓa cewa Nasidi ya ba wani ruwan wani ba. Boko aji uku na yi na bar musu abinsu. Amma in inji ya yi tari, tun daga bakin hanya nake sanin abin da ke damunsa.

Ɗiyata Taibatu ce ta kawo mani abin da ya fi ƙarfina. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, karatun kwamfuta take yi. Farkon rani ta zo da wani akwatin ƙarfe da bai kai kwanon awo ba, ta kafe shi a bango, ta ja masa waya daga sola, ta ja wata zuwa bawul ɗin da ke raba ruwa. A goshinsa akwai ɗan gilashi mai nuna lokaci da maɓallai uku. Ta tambaye ni yaushe ake juya ruwa daga gonakin gabas zuwa na yamma, na ce ƙarfe biyu. Ta saita shi haka, ta koya mani yadda ake gyara agogon ko wuta ta ɗauke, ta koma makaranta.

To mu a fadamarmu, tun kafin a kawo inji, kiran Azahar ke raba ruwa. Malam Jibirin ke kira, a rumfar da muke salla. Shi kuma ba ya ɗaura agogo. Yana da wata sanda kafe a ƙasa, inuwarta yake dubawa, kuma ko inuwar ta kai, in yana tsakiyar kunya sai ya kai ƙarshenta. Wata rana biyu da kwata, wata rana biyu da rabi saura kaɗan. A satin farko akwatin ya juya ruwa Malam bai ko yi alwala ba. Maikuɗi, mai albasa a gabas, ya zo mani da ƙotar fartanya. Ɗantala na yamma ya biyo shi yana nuna agogon wayarsa. Da ƙyar anka raba su.

Ni na samo maganin abin, ban shawarci kowa ba. In biyu ta gabato na leƙa ban ga Malam a bakin ruwa ba, sai in danna maɓalli in ja agogon baya da minti goma. In har yanzu shiru, in ƙara. Yana ɗaga murya sai in tura shi ya hau biyu daidai, bawul ya yi ƙara, ruwa ya juya. Bayan salla in mayar da shi daidai da agogon waya. Wata biyu babu wanda ya ƙara ɗaga wa wani murya.

Ran wata Litinin Taibatu ta dawo da kwamfutarta a jaka, fuska ba annuri. Ta ce Litinin mai zuwa malamarta, Dakta Suwaiba, za ta zo har ɗakin inji ta duba aikin. In ya yi ta sa hannu. In bai yi ba, sai baɗi.

Na ce, "Ba ga shi yana juya ruwa ba? Mi ya rage?"

"Baba, akwatin nan yana da tsarin da ke tafiyar da shi, kamar yadda kowace waya take da nata. Namu sabo ne, ni da Dakta muka rubuta shi. Amma duk gyaran da zan yi masa sai na yi a kwamfutar makaranta in ɗauko in zuba. Ana so ya iya karɓar gyara a nan, shi kaɗai."

"To ki yi masa."

"Sai da kompaila."

"Wane ne?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka ɗauke shi tafinta. Ni ina rubuta umarni da harshen da mutum ke karantawa, shi ya mayar da shi abin da inji ke ji. Tafintan yana nan, na kowa ne, kyauta. Sai dai bai taɓa sauka a tsarinmu ba. Sai na gaya masa komai: ga inda ake ajiya, ga abin da muke da shi, ga abin da babu. Sannan ya gina kansa."

"Wa zai gina kansa?"

"Shi. Na zo da wani na wucin gadi daga makaranta. Shi zai gina na biyu, na biyun ya gina na uku, a gwada na biyu da na uku. In sun fito iri ɗaya, an gama."

Na ce na san maƙeri da awartaki yake ƙera awartaki, amma ban taɓa ganin awartaki ya zauna shi kaɗai yana haihuwa ba. Ta ce haka ɗin ne dai, in riƙe shi a haka. Ban riƙe komai ba. Abin da na gane biyu ne: aikin awa tara yake ci, kuma solarmu ba ta kai mu dare, saboda haka gwaji ɗaya ake samu a wuni.

Ran Talata ƙarfe bakwai ta jona kwamfutarta da akwatin, ta buga, rubutu ya fara gudu kamar tururuwa. Sha biyu da rabi ta ce za ta je gida ta yi salla ta ci abinci.

"Baba, don Allah kada kowa ya taɓa kwamfutar nan."

Na jawo benci na tare ƙofa. Ko ƙuda ban bari ya sauka kanta ba. Da Azahar ta gabato na yi aikina na kullum a goshin akwatin, Malam ya kira, ruwa ya juya, munka yi salla. Ƙarfe uku ta dawo ta tarar rubutu ya tsaya cik.

Ta daɗe tana dubawa. "Ya koma kan abin da ya riga ya gama. Ya sake shi, ya sake, har ya rikice."

"Yana shakkar aikinsa ke nan."

"Ba ya shakka, Baba. Ni ce na gaya masa wani abu ba daidai ba."

"A tambayi wanda ya sani mana."

"Wa? Duk duniya akwatin nan ne kawai ke da wannan tsarin."

Ta wuni tana sauya abubuwan da ta gaya wa tafintan. Ni kuma na ɗora hannu kan akwatin na ji shi kamar kaskon suya. Na ce zafi ne, da tsakar rana yake mutuwa, ko jaki ya san wannan. Ran Laraba na jiƙa buhu biyu na rataya a taga, yadda ake yi wa randa, ina yayyafa musu ruwa. Ɗakin ya yi sanyi har Ɗantala ya zo ya kwanta a ciki. Bayan Azahar abin ya mutu yadda ya mutu jiya.

Na ce to batir ne. Na ɗauki babur na tafi Maradun wurin Zubairu mai gyaran sola, abokina tun muna samari. Munka gaisa, ya tambayi gida da gona da ruwa, na tambayi nasa, sannan na gaya masa abin da ke tafe da ni.

"Tafinta ne ke gina kansa, yana kaiwa Azahar sai ya faɗi."

Zubairu ya dube ni. "Nasidi, ka ci abinci yau?"

"Ba ni batir."

"Wane tafinta? Bature kunka samu?"

"Cikin akwati yake."

"Kun sa mutum cikin akwati da wannan zahin, ba dole ya faɗi ba?"

Ya ba ni aron batir sabo yana ta dariya. Na ɗaure shi a baya na kamo hanya da rana, don hanyar nan ba a kai magariba a kanta.

Ran Alhamis, da sabon batir da jiƙaƙƙun buhuna da sauye-sauyen Taibatu, ya mutu bayan Azahar.

Taibatu ta zauna ƙasa ta jingina da bango. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta kuka a gaban mutane, shiru take yi, kuma shirun ya fi kuka tada mani hankali. Na ce ta tashi. Ta ce watakila katin ajiyar da ke cikin akwatin ne ya lalace, akwai wani ɗan ajinsu a Bakura, Zaharadeen, yana da irinsa. Na goya ta munka tafi. Zaharadeen ya ba da katin, ya duba rubutun da ta nuna masa, ya sosa ƙeya.

"Ku kuka haifi abinku, ku za ku san kukansa. Ni ban taɓa ganin irin wannan ba."

A hanya ta ce, "Baba, in na maimaita shekara fa?"

Na ce, "Riƙe da kyau, akwai rami."

Ran Juma'a ba a kiran Azahar a fadama, kowa gari yake tafiya masallaci, kuma tun farko an yarda ran nan biyun akwati ita ce biyu. Na kulle ɗakin inji na tafi. Da munka dawo rubutu yana ta gudu. Uku ta yi yana gudu. Taibatu ta tsaya a kansa ba ta ko ƙifta ido. Sai wajen huɗu ya tsaya, ta duba, ta buga cinya.

"Wannan laifina ne. Na manta ban nuna masa inda zai ajiye na ukun ba. Layi ɗaya ne. Baba, ya wuce wurin da yake mutuwa. Katin ne."

Maikuɗi yana bakin ƙofa yana wanke ƙafa. Ya ce, "Ba kati ba ne, ɗiyata. Injinku ya san Juma'a. Ya fi Ɗantala."

Ɗantala ya ce, "Ya fi ka dai, kai da sai an tada huɗuba kake neman takalmi."

Ni dai kaina ya kulle. Zafi ne, batir ne, kati ne, Juma'a ce? Kowanne da na kama sai ya zame. Inji na gaskiya in ya lalace yana zubar da mai ko ya yi hayaƙi, ka san inda za ka sa hannu. Wannan yana mutuwa da tsabtarsa.

Ran Asabar ta zo da abincinta a kwano, ta ce ba inda za ta je sai ta ga ƙarshensa. Ta shimfiɗa tabarma a gindin akwatin. Biyu saura kwata na leƙa, Malam yana can tsakiyar tattasansa a duƙe. Na tsallake ƙafarta na danna maɓalli. Biyu saura biyar na sake leƙawa, na sake dannawa.

"Baba, me kake yi?"

"Aikina."

"Wane aiki?"

"Malam bai taso ba. Ina jiransa."

Ta miƙe a hankali. Ta dubi gilashin akwatin, ta dubi agogon wayarta, ta dubi kwamfuta. Rubutun ya fara maimaita kansa, layi iri ɗaya yana dawowa.

"Tun yaushe kake yin haka?"

"Tun sati na biyu da kika kafa shi."

"Kullum?"

"Ban da Juma'a."

Na ce, "Ke kika ce kada a taɓa kwamfuta, ban taɓa ba. Wannan agogon ruwa ne, a waje yake. Ina ruwansa da tafinta?"

"Agogo ɗaya ne, Baba. Ba shi da wani. Duk abin da ya gama sai ya buga masa lokaci. Da lokacin yake sanin wanne ya riga wanne. In ka ja baya, abin da ya yi yanzu sai ya fito ya girmi wanda ya yi ɗazu. Kamar ya tarar da ɗa ya girmi ubansa. Sai ya ce an yi kuskure, ya rushe ya sake. Ka ƙara ja, ya ƙara rushewa."

"Bai ga abin da ya yi da idonsa ba?"

"Ba shi da ido."

"To wawa ne. Magini in ya ɗora tubali ya san ya ɗora, ko an sace duk agogon garin."

"Wawa ne," ta ce. "Amma wawan nan ne zai sa a sa mani hannu."

Ta koma ta zauna. Ta fara dariya, ta rufe fuska da mayafi, ban san inda dariyar ta ƙare ba. Can ta ce, "Maradun. Bakura. Buhu." Na ce buhun ya yi amfani, ɗakin ya yi sanyi. Ta ce laifinta ne, da ta zauna wuni ɗaya a fadama kafin ta kafa shi da ta ga yadda ake yi. Na ce ba na son wannan maganar, a gaya mani abin da za a yi.

Abin da za a yi ɗaya ne. Gobe Lahadi, gwaji na ƙarshe, kuma daga bakwai zuwa huɗu ba mai taɓa agogon. Ke nan ruwa zai juya biyu daidai, ko Malam ya kira ko bai kira ba.

Na sami Malam Jibirin bayan La'asar. Munka gaisa sosai, na tambayi tattasai, na tambayi ƙafarsa da ke ciwo, sannan na ce, "Allah gafarta Malam, alfarma nake nema. Gobe kawai, a kira biyu daidai."

Ya ce, "Biyun wa?"

"Ta agogo."

"Nasidi, je ka gaya wa rana. In ta yarda ni ba ni da ta cewa."

Na je wurin Maikuɗi na ce ya yafe minti ashirin na wuni ɗaya. Ya ce albasarsa tana ƙwai, ko minti biyu ba ya yafewa, kuma in an fara yafewa Ɗantala zai mai da shi gado. Ɗantala ya ce shi bai roƙi kowa ba, amma in ruwa ya zo gonarsa ba zai kore shi ba.

Na dawo ɗakin inji na tsaya ina kallon akwatin. Agogo ban san cikinsa ba, tafinta ban san kamanninsa ba, amma waya na san ta. Na ɗauko sufana.

"Taibatu, in na cire wagga wayar da ta tafi bawul, tafintanki zai ji?"

Ta yi tunani. "Ba zai ji ba. Zai aika umarni, ba wanda zai karɓa."

"To ya aika."

Na kwance ta na naɗe bakinta. Sitiyarin bawul na hannu ya yi wata biyu ba a murɗa shi ba, ya cije da tsatsa. Na zuba masa baƙin mai, na yi ta kai da kawo da shi har ya saki.

Ran Lahadi ta tada shi bakwai. Na zauna nesa da akwatin, a kan bututu. Biyu saura kwata yatsana ya fara ƙaiƙayi, na sa hannun a aljihu. Biyu ta buga a gilashi, akwatin ya yi ɗan ƙas, ruwa bai motsa ba. Maikuɗi da Ɗantala suna bakin ƙofa su biyu, kowa yana gadin ɗan'uwansa.

Ɗantala ya ce, "Biyu ta yi."

Maikuɗi ya ce, "A wayarka."

Malam ya kira biyu da minti ashirin da uku. Na kama sitiyari na murɗa, ƙuguna yana ƙara, ruwa ya bi yamma. Na leƙa kwamfuta kafin in tafi salla. Rubutu yana gudu, layi bayan layi, babu mai kama da ɗan'uwansa.

Huɗu da minti goma ya tsaya. Taibatu ta karanta, ta sake karantawa, ta ce a hankali, "Iri ɗaya ne. Na biyu da na uku."

"An gama?"

"An gama."

"To ina yake?"

Ta nuna mani wani ɗan layi a ƙasan gilashi, bai kai tsawon yatsa ba. Na ce kwana shida, da Maradun da Bakura, a kan wannan? Ta ce a kan wannan. Na ce ko ƙara bai yi ba. Na ɗauki sufana na mayar da wayar.

Dakta Suwaiba ta zo Litinin da hantsi, doguwar mace mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta gaishe ni da girmamawa, ta duba rubutun jiya daga sama har ƙasa. Sannan ta ce wa Taibatu ta yi wa akwatin wani gyara yanzu, a gabanta, da tafintan da ta gina, kowane iri ta ga dama.

Taibatu ta buga na ɗan lokaci, ta jira, ta ce, "Baba, danna na tsakiya."

Na danna. Bawul ya yi ƙara, ruwa ya juya yamma da hantsi. Daga cikin albasa na ji Maikuɗi ya taso yana kiran sunana. Na yi maza na sake dannawa, ya koma gabas.

Dakta ta ce, "Kin cire juyawar ƙarfe biyu, kin mai da ita hannu? Ai baya kika koma."

Taibatu ta buɗe baki, na riga ta, don tun jiya munka tsara abin ni da ita. Na ce, "Hajiya, a nan ba agogo ke raba ruwa ba, Malam Jibirin ne. Ta bar biyun ran Juma'a. Sauran ranaku in ya kira in danna, agogo ya zauna lahiya, kowa ya zauna lahiya."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi Maikuɗi da ya iso ƙofa yana haki da laka har gwiwa, ta tambayi Taibatu abin da ya faru. Taibatu ta ba ta labarin duka, har da buhu. Dakta ta ce ta rubuta shi a cikin rahoton aikinta, kada ta rage komai. Ta ciro takarda ta ɗora a kan murfin inji ta sa hannu.

Da sunka tafi na mayar wa Zubairu batirinsa. Ya ce yaya mutumin cikin akwati. Na ce ya haihu biyu, kuma kamarsu ɗaya. Ya ce in zauna in sha ruwa, rana ta yi mani yawa.

Har yau ban gane yadda abu ke gina kansa ba, kuma na daina tambaya. Agogon yana nan yana tafiyarsa, ban ƙara sa masa yatsa ba. Malam in ya kira, in danna na tsakiya. Maikuɗi dai bai yarda da maɓallin ba, kullum biyu saura kwata yana bakin ƙofa yana wanke ƙafar da ba ta da datti.